Kiɗa ɗaya, farashi biyu: me masu tara faya-fayan jazz suke saya?

Me ya sa faifan jazz guda, makaɗa ɗaya, hoto ɗaya a kan kwali, za ka same shi sabo fil a shago a kan dala 30 ko 40, amma ɗan'uwansa da ya tsufa, kwalinsa ya koɗe, a yi gwanjonsa a kan dubban daloli? Tambayar ta dawo bakin mutane tun da faifan garmaho ya farfaɗo bayan kowa ya ɗauka kwanansa ya ƙare. Alƙaluman RIAA, ƙungiyar kamfanonin kiɗa ta Amurka, sun nuna cewa a 2022 an sayar da faya-fayan garmaho kimanin miliyan 41 a ƙasar, CD kuma miliyan 33. Rabon da garmaho ya wuce CD a yawan ciniki tun 1987. Mawaƙan zamani masu tashe ne suka fi cin wannan kasuwa, amma in ana maganar tsada da bin diddigi da gardama, masu tara jazz, kiɗan nan da ya samo asali daga baƙaƙen fatar Amurka, su ne a sahun gaba.

Da labarin ya bazu, sai fahimta ta karkace. Wasu sun ɗauka duk tsohon faifan da ke jibge a ɗakin ajiya dukiya ne. Wasu kuma sun sakankance cewa wanda ya fi tsada shi ya fi daɗin ji. Duka biyun akwai gyara a cikinsu, kuma ba a gane gyaran sai an san yadda ake yin faifan tun daga tushe.

Faifan da ya ba makaɗi fili

Kafin 1948 da wani irin ƙaro mai saurin fashewa ake yin faifai. Yana juyawa sau 78 a minti, kuma gefe guda na mai faɗin inci 10 ba ya ɗaukar abin da ya wuce minti uku da 'yan daƙiƙoƙi. Shi kuwa makaɗin jazz sana'arsa ƙirƙira ce nan take: a ɗauko kari guda, wannan ya karɓa ya sarrafa shi yadda zuciyarsa ta ba shi, ya miƙa wa na kusa da shi. A gidan kiɗa da dare abin yakan kai minti goma ko fiye, amma a faifai tilas a datse. A 1948 kamfanin Columbia ya fito da faifan roba mai juyawa sau 33 da sulusi a minti, wanda ake kira LP, mai ɗaukar sama da minti 20 a gefe guda. Zuwa tsakiyar shekarun 1950, LP mai inci 12 ya zama shi ne na kowa.

Wannan ya zo daidai da tasowar wasu kamfanoni da suka duƙufa a kan jazz. Alfred Lion, baƙo daga Berlin, ya kafa Blue Note a New York a 1939, abokinsa Francis Wolff mai ɗaukar hoto ya zo ya tarar da shi. Prestige ya biyo baya a 1949, Riverside a 1953, Verve a 1956, Impulse! a 1960. Abin da waɗannan gidaje suka fitar tsakanin 1955 da 1965 shi ne idon kasuwar masu tarawa har gobe. Kiɗan wancan zamani domin faifan aka tsara shi: abin da zai buɗe gefen farko, abin da zai rufe na biyu, da bayanin da aka rubuta a bayan kwali domin mai sauraro ya karanta yana ji.

Daga situdiyo zuwa allura

Ana fara ɗaukar kiɗan a kan tef, kuma wannan tef na asali shi ne uwa. Daga shi injiniyan sauti yake yanka tsagi a kan wani farantin alminiyam mai shafe mai laushi a samansa. A nan yake yanke hukunci: yaya ƙarfin sautin zai kasance, nawa za a bari na kaurin amo, nawa za a rage don kada allura ta yi tsalle. Daga farantin ake ƙera hatimin ƙarfe, a ɗora shi a injin da ke matse roba mai zafi, faifai ya fito. Hatimi yakan gaji bayan ya buga wani adadi, sai a kawo sabo.

Bugu na farko shi ne wanda aka matsa daga yankan farko, a lokacin da aikin ya fito. Duk wanda ya biyo baya sake bugu ne, ko bayan shekara biyar ko bayan sittin. Mai sake bugu yana iya komawa ga uwar tef, yana iya amfani da kwafinta, ko kwafin kwafinta. Wanda ya taɓa yin hoton takarda daga wani hoton takardar ya san yadda rubutu ke dusashewa a kowane mataki. Haka sauti yake.

Ke nan abin da kunne zai ji ya dogara ne da inda aka ɗauko sautin, da gwanintar wanda ya yanka tsagin, da tsabtar masana'antar da ta matsa robar. Shekarun faifai ba su cikin lissafin. Nauyinsa ma haka: kamfanoni suna tallar faifai mai giram 180, kuma lallai yana da daɗin riƙewa, bai cika saurin lanƙwashewa ba, amma kaurin roba ba ya ƙara wa tsagi zurfi ko kyau.

Alamomin da ake dubawa da tabaron ƙara girma

Babu inda bin diddigi ya kai na Blue Note, kuma dalilin mutum ɗaya ne, Rudy Van Gelder. Sana'arsa ta farko gwajin ido da yanka tabarau ce. Da rana yana duba idon mutane, bayan ya tashi kuma yana ɗaukar kiɗa a falon gidan iyayensa a Hackensack, jihar New Jersey, har zuwa 1959 da ya koma situdiyon da ya gina a Englewood Cliffs. Ya ɗauki aikin Blue Note da Prestige da Impulse! masu ɗimbin yawa, kuma sau da yawa shi da kansa yake yanka farantin. Ya rasu a 2016.

In mai tarawa ya riƙe tsohon faifan Blue Note, ba kwali yake fara kallo ba. Yakan karkata faifan ga haske ya duba ɗan filin nan mai santsi tsakanin tsagi na ƙarshe da takardar tsakiya. A nan yake neman haruffan RVG, ko sunan Van Gelder cikakke a bugunan baya-baya. Sai ya nemi wata ƙaramar alama mai kama da kunne, wadda take nuna cewa masana'antar Plastylite ce ta matsa shi. Sai adireshin kamfani da ke kan takardar tsakiya, domin Blue Note ya yi ta sauya ofis: 767 Lexington Avenue shi ne na farkon zamanin inci 12, sai 47 West 63rd Street, daga baya aka koma rubuta New York USA. Akwai kuma wani zagayayyen rami mai zurfi a cikin takardar, wanda tsofaffin injuna suke bari.

Duk wannan wahala tana da dalili. A tsakiyar shekarun 1960 aka sayar da Blue Note ga kamfanin Liberty, aka daina matsawa a Plastylite a 1966, amma sababbin masu gidan sun ci gaba da amfani da ragowar takardun tsakiya da kwalaye na da. Saboda haka ana iya samun faifai mai tsohon adireshi wanda a gaskiya bugun baya ne, kuma rashin alamar kunnen nan ce take tona shi. Bambancin kuɗi tsakanin su biyun yakan kai ninki da yawa.

Abin da ke sa tsada shi ne ƙaranci, ba shahara ba. Kind of Blue na Miles Davis, wanda Columbia ya fitar a 1959, ya sayu miliyoyi, kuma tun farko an buga shi da yawa, don haka tsohon bugunsa ba ya wuyar samu sosai. Amma faifan Hank Mobley mai lamba 1568 a jerin Blue Note, wanda aka buga kaɗan, ko True Blue na Tina Brooks na 1960, su ne ake gwabzawa a kansu a gwanjo har dubban daloli. Sayuwar da ba su yi ba a zamaninsu ita ce ta sa suka yi tsada yanzu.

Sai kuma lafiyar faifan. Masu ciniki suna da matakai: NM ga wanda kusan ba a taɓa shi ba, VG+ ga mai 'yan tabo marasa damuwa, VG ga wanda ake jin ƙarar ƙasa-ƙasa a cikinsa, har zuwa wanda ya ƙare. Matakin nan ra'ayin mai sayarwa ne, kuma yawancin rigimar da ake yi a shafukan cinikin intanet irin su Discogs da eBay daga nan take tasowa. Faifai yana iya yin kyau a ido alhali allura mai nauyi ta shekarun 1950 ta riga ta cinye cikin tsaginsa, ba a sani sai an kunna.

Wanne ya fi daɗin ji?

A nan masu abin suka rabu. Masu bugu na farko suna cewa an yanka shi ne lokacin da tef yake sabo, kuma da hannun mutumin da yake cikin ɗakin lokacin da ake kiɗan. Suna cewa busar ƙaho tana fitowa da wani irin ƙarfi da kusanci wanda ba a samu a sabon bugu. Wannan magana tana da tushe, domin tef yana tsufa, wani ma yana lalacewa.

Ɗaya ɓangaren suna cewa injiniyoyin da suna yanka ne domin garmahon gidajen mutane na lokacin, mai allura mai nauyi da ƙaramin lasifika, don haka suna rage wani abu su matse wani. Injin yau yana iya fito da abin da ke cikin tef fiye da yadda aka iya a 1957. Suna kuma da misali mai ƙarfi: ɗaya daga cikin injunan da suka ɗauki gefen farko na Kind of Blue ya yi ɗan jinkiri wajen juyawa, sai kiɗan ya riƙa fitowa da ɗan sauri, muryarsa ta ɗan haura, a bugunan sitiriyo, wato masu raba sauti hagu da dama, na shekaru sama da talatin. Sai a 1992 aka gyara. Wanda yake da tsohon bugun sitiriyo yana da tarihi a hannu, amma ba daidai abin da makaɗan suka busa yake ji ba.

A ganina, wanda kiɗan ne ya kawo shi ba shi da dalilin jin cewa an bar shi a baya. A 2019, shekarar da Blue Note ya cika 80, kamfanin ya fara jerin sake bugu mai suna Tone Poet ƙarƙashin kulawar Joe Harley, Kevin Gray yana yankawa daga tef na asali. Verve da Impulse! sun shiga irin wannan aiki tare da kamfanin Acoustic Sounds a 2020. Akwai kuma bugunan Japan na ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980, na kamfanonin King da Toshiba, waɗanda aka sani da roba mai tsabta marar ƙara. Japan ƙasa ce da ta riƙe jazz da mutunci, har akwai gidajen shan kofi da ake shiga domin a zauna shiru a saurari faifai. Duk waɗannan ana samunsu a kan ɗan kaso na kuɗin bugu na farko. Mai biyan dubban daloli abin tarihi yake saya, kuma wannan sha'awa ce mai daraja, muddin ya san abin da ya biya ke nan.

Maganar dijital da ta tayar da ƙura

Shekara da shekaru masu son garmaho suna cewa fifikonsa shi ne sauti bai bi ta kwamfuta ba, daga tef sai faranti. A Yulin 2022 wani mai shagon faya-fayai a birnin Phoenix ya fallasa cewa Mobile Fidelity, kamfanin da aka fi yarda da shi wajen sake bugu mai tsada, ya daɗe yana juya tef zuwa dijital kafin ya yanka, tun wajen 2011. Kamfanin ya amsa, ya ba da haƙuri, aka kai shi kotu, aka yi sulhu. Abin lura shi ne, faya-fayan nan sun sha yabo daga masu kunne da masu sharhi tsawon shekaru, ba tare da an gane ba. Laifin kamfanin ɓoye gaskiya ne ga mai saye. Amma lamarin ya nuna cewa dijital da aka yi da kyau ba ya kashe faifai, kuma tun daga nan kamfanoni da dama suka fara bayyana inda suka ɗauko sautinsu.

Kamfanonin ma suna da uzurin taka-tsantsan da tef. A Yunin 2008 gobara ta ci wani rumbun ajiya a harabar kamfanin Universal a Kalifoniya, kuma sai a 2019 jaridar New York Times ta ba da rahoton cewa tef na asali masu yawan gaske sun ƙone, har da na Impulse! da Decca da Chess. Kamfanin ya musanta girman asarar da aka ambata. Ko ma yaya, uwar tef guda ɗaya ce, kuma kowace kunnawa tana ɗan cin ta.

Inda ya kamata mai saye ya buɗe ido shi ne bugunan nan masu arha da suke fitowa daga Turai. A 2011 Tarayyar Turai ta tsawaita haƙƙin mallakar kiɗan da aka ɗauka daga shekara 50 zuwa 70, amma dokar ba ta koma baya ba. Sakamakon haka, abin da aka fitar kafin 1963 ya fita daga hannun masu shi a can, kowa yana iya bugawa. Kamfanonin da suke wannan ba su karya doka ba, sai dai ba su da hanyar kaiwa ga tef na asali, don haka ba a san daga ina sautinsu yake ba. Kwali mai sheƙi, roba mai launi, giram 180, amma babu tambarin kamfanin asali. Wanda bai sani ba yakan ɗauka ya yi tsintuwa.

Makaɗan da suke raye

Akwai wani ɓangare na wannan kasuwa da yake damuna. Tina Brooks ya rasu a 1974 yana da shekara 42, duniya ta manta da shi, kuma faifai ɗaya tak da sunansa ya fito yana raye. Hank Mobley ya rasu a Philadelphia a 1986 cikin talauci. Yau in an sayar da faifan ɗayansu a kan dubban daloli, ko sisi ba ya zuwa ga iyalinsa, domin ciniki ne tsakanin mai tsohon kaya da mai saye. Sake bugu mai lasisi ya ɗan fi, tunda kuɗin yana bi ta hannun masu haƙƙi.

Shi ya sa nake ganin tarin da babu makaɗan yau a cikinsa bai cika ba. Jazz bai tsaya a 1965 ba. Kamasi Washington ya fitar da The Epic a 2015, faifai uku a kwali ɗaya, ya jawo matasan da ba su taɓa kula jazz ba. Kamfanin International Anthem a Chicago da Brownswood a Landan suna ta fitar da sababbin ayyuka a garmaho. A 2023 ƙungiyar Ezra Collective, wadda mai ganga Femi Koleoso, ɗan asalin Najeriya, yake jagoranta, ta zama ta farko ta jazz da ta ci Mercury, wata babbar kyautar kiɗa a Ingila. Tony Allen, mai gangan da ya gina kiɗan Afrobeat tare da Fela, ya fitar da aiki a Blue Note a 2017, shekara uku kafin rasuwarsa a Faris. Alaƙar ma ta girmi haka, domin Solomon Ilori, makaɗi daga Najeriya, ya yi aiki da mai gangan jazz Art Blakey a 1962, ya kuma fitar da nasa faifan a Blue Note a 1963.

Yawancin kiɗan yau a kwamfuta ake ɗaukarsa, don haka gardamar tef ba ta shafe shi ba. Dalilin sayen faifansa daban ne. Sauraro ɗaya ta intanet abin da yake kawo wa masu kiɗan bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na dala ba, amma faifai guda da aka saya a teburin makaɗi bayan wasa, ko ta shafin sayar da kiɗa na Bandcamp, kuɗi ne da zai gani a hannunsa. Kuma ba da sauƙi ƙananan kamfanoni suke buga shi ba. A Fabrairun 2020 gobara ta cinye masana'antar Apollo Masters a Kalifoniya, wadda take samar da mafi yawan farantan yanka a duniya, aka koma dogaro da kamfanin MDC na Japan. Da annobar korona ta zo ta haɗu da manyan mawaƙa masu odar dubban ɗaruruwa, ƙaramin kamfanin jazz yakan jira watanni da yawa kafin layi ya zo kansa. Wani binciken kamfanin Luminate ya gano cewa kusan rabin masu sayen faifai a Amurka ba su da ma injin kunna shi. Wasu ado suke yi da shi, wasu goyon bayan mawaƙi, wasu kuma jari suka ɗauke shi, kuma duk wannan yana ɗaga farashi ga mai son ji.

Ga mai saye a ƙasa mai zafi

Wanda yake Kano ko Maraɗi ko Kumasi yana da ƙarin lissafi. Kuɗin aikowa daga Amurka ko Japan yakan yi kusa da kuɗin faifan kansa, ga canjin dala, ga haɗarin a bar kunshi a rana. Zafi yana lanƙwasa robar faifai, kuma 'yan sa'o'i a cikin mota da rana sun isa su lalata shi. A tsaye ake ajiye shi kamar littattafai a kanta, ba a jibge shi ɗaya kan ɗaya ba, a ɗaki mai inuwa, nesa da bangon da rana ke duka. Ƙurar hunturu tana shiga tsagi ta zama ƙara, allura kuma ta niƙa ta a ciki, don haka buroshi mai laushi da rigar leda ta ciki ba abin wasa ba ne. Damina kuma tana kawo fumfuna a kwali.

Injin ma sai an duba. Wutar Amurka 60 take bugawa a daƙiƙa, tamu 50, ga bambancin ƙarfin wuta. Wasu injunan da aka yi domin Amurka saurin juyawarsu ya dogara da wannan bugu, don haka ko an sa musu taransifoma za su riƙa juyawa a hankali, kiɗa ya fito a kasalance. Injin da aka yi domin Ingila ko Turai ya fi dacewa. Allura mai kyau da aka daidaita nauyinta ta fi muhimmanci ga rayuwar faifai fiye da tsadar lasifika.

Wanda kuma ya gaji akwatin faya-fayai daga mahaifi ko kaka, kada ya yi saurin zubarwa, kada kuma ya ɗauka ya yi arziki. Yawancin faya-fayan Turawa da suka shigo ƙasashenmu bugunan baya ne da aka yi da yawa, kuma sun sha allura da ƙura. Waɗanda 'yan kasuwar waje suka fi nema a Afirka ta Yamma su ne waɗanda aka buga a nan gida, na Decca da EMI a Legas da ire-irensu, tun bayan da kamfanoni irin su Strut da Soundway da Analog Africa suka fara sake fito da tsofaffin kiɗe-kiɗen yankin daga farkon shekarun 2000. Kafin ya amsa tayin kowa, ya karanta lambar da ke kan takardar tsakiya da haruffan da ke cikin ɗan filin nan mai santsi, ya shigar da su a Discogs, ya ga wane bugu ne a hannunsa da kuma nawa aka sayar da irinsa a baya.